Ranar Da Na'urar Dogo Ta Yi Kuka A Wuyan Umma

Jama'a, ku gyara zama. Yau ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, domin abin da ya faru a falonmu ranar Asabar har yanzu bai bar raina ba. Na rubuta na goge ya fi a ƙirga. Amma in ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe, kuma ku kaɗai ne na tabbata ba za ku kai wa Goggo rahoto ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce auta a gidanmu, sunan kuma ya bi ni har makarantar firamaren da nake koyarwa, inda yara ke kirana Malama Auta. Wanda nake so kuwa Dogo nake ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonmu. A tashar lantarki ta nukiliya da ke bayan gari yake aiki, a sashen masu auna tururin nan da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Can muka haɗu, ranar da na kai 'yan ajina zauren baƙi na tashar. Wata yarinya mai shegen surutu ta tambaye shi ko gaskiya ne ma'aikatansu suna haske a cikin duhu. Bai yi dariya ba. Ya taka ya kashe fitilar zauren, ya ce, "Kina ganina?" Yara suka kaure da ihu. Ni kuwa, Allah Ya yafe min, ni na gan shi.

Matsalar ita ce gidanmu ba su ga abin da na gani ba. Goggo, yayar Abbanmu, tunda ta ji inda yake aiki ta raɗa masa suna Ɗan Tasha. Goggo mace ce da ba ta taɓa ganin bidiyo a waya ta ƙaryata shi ba. Kullum safiya sai ta turo a guruf ɗin dangi: garuruwan da aka watse aka bari, lilon yara ya yi tsatsa, ɗan maraƙi mai kai biyu. A ƙasa ta rubuta, "Ga angon Auta." Zuwan Dogo na farko ya kawo wa Abba turare, ya kawo wa Umma wani mayafi ruwan toka mai laushi da zaren azurfa a bakinsa. Yana fita Goggo ta sa leda a hannu ta ɗauki kofin da ya sha shayi ta jefa a kwandon shara. Kofin Abba na baƙi ne fa, mai bakin zinare.

Abba shi ba mai hayaniya ba ne. Cewa ya yi, "Ya zo ranar Asabar ya yi mana bayani da bakinsa. In na gamsu, manyansa su zo. In ban gamsu ba, Auta, kin dai ji." Na ji kuwa. Abba in ya ce a'a, ko shi kansa ba ya iya sake ta.

Duk dogarona a kan Umma yake, sai ga shi a makon nan Umma ta zama wata daban. Ta kwashe kayanta ta koma ɗakin baya, inda muke ajiye keken ɗinki da akwatuna, wai mura take yi ba ta son ta shafa wa kowa. Kofinta daban, cokalinta daban, tawul ɗinta daban, wankinta ma ita ke yi da kanta. Murar da ba tari, ba atishawa! Dama ta daɗe tana ramewa, hannunta na rawa in ta ɗauki buta, gumi na keto mata ko fanka na kanta. Muka ce damuwar Yaya ce, domin yayata ta sha ɓari bayan ɓari, sai wannan karon ciki ya zauna har ya tsufa, likita kuma ya ce kada a bari hankalinta ya tashi.

Ranar Laraba sai ga Yaya da akwatinta ba sanarwa, mijinta ya yi tafiyar aiki. Ta nufi Umma da hannuwa a buɗe za ta rungume ta. Wallahi ina tsaye Umma ta ja da baya har tana buge ƙofa, ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan! Kar ki matso!" Yaya ta shigo ɗakina ta yi kuka har ta gode Allah. Ni kuwa na ce a raina, shi ke nan, Goggo ta gama da Umma, fushin Dogo ne take saukewa a kan kowa.

Safiyar Asabar ina gaban madubi saƙonsa ya shigo.

"Na taho da 'yar na'urar awona. Tawa ce ta kaina, ba ta ofis ba. Su auna ni da hannunsu."

"Ka haɗo da sulke," na rubuta. "Goggo ta iso tun kafin a share tsakar gida."

"Wane kala kika saka?"

"Ana maganar rayuwa kana maganar kala."

"To ai ita nake tambaya."

Kun ji irin abin da ya sa na kasa rabuwa da bawan Allahn nan. Doguwar riga kore mai duhu na saka, mai ƙananan maɓallai a hannu, na yafa baƙin gyale, na sa kwalli sama-sama don na san yau da wuya in ƙare ban yi kuka ba.

Ya iso cikin farar riga mai dogon hannu da ta sha guga, tabaraunsa na zamewa a kan hanci. Falonmu cike yake da kujeru masu laushi, amma Goggo ta sa an ajiye masa farar kujerar roba a bakin ƙofa, da lemo a kofin takarda. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya gaida Goggo, ya zauna a kujerar robar gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Yaya tana kan doguwar kujera da filo a bayanta. Umma ba ta fito ba. Ni na rakuɓe kusa da labule.

Goggo ba ta jira Abba ba. Ta miƙo wayarta daga nesa.

"Kai Ɗan Tasha, wannan garin da ka gani, ƙarya ne?"

Ya kalla da kyau. "Ba ƙarya ba ne, Goggo. Ya faru a wata ƙasa. An yi ganganci, an kuma ɓoye gaskiya, mutane suka rasa gidajensu, wasu suka rasa rayukansu."

Na ji kamar in nutse. Ni na zaci zai musa!

"Kun ji ko!" Goggo ta tafa hannu. "Da bakinsa!"

"Amma ɗan maraƙin nan ban san daga ina aka samo shi ba," ya ce. "Na gan shi a bidiyon maganin sauro ma."

Yaya ta toshe baki da filo. Abba ya gyara murya.

"Yaro," in ji Abba, "ni tambayata ɗaya ce. Abin nan yana da haɗari ko ba shi da shi?"

"Yana da shi, Abba. Duk wanda ya ce maka babu, kada ka ba shi ko ajiyar takalmi. Sai dai haɗari ne da muke aunawa kullum. Kowane ma'aikaci da ɗan bajo a ƙirjinsa mai tara duk abin da jikinsa ya ɗauka, in ya kusa iyaka a cire shi daga wurin. Ba na fita ƙofar tasha sai na'ura ta duba ni daga kai har tafin ƙafa. Hayaƙin janaretan da ake kwana da shi a bayan taga kuwa, wa ke auna shi? Shi a hankali yake cin huhun mutane, ba mai ɗaukarsa a bidiyo."

Yaya ta ajiye filon. "To sharar fa? Na ji an ce abin da kuka ƙona yana nan da dafinsa har jikokin jikokinmu. Wanda ke cikina me ya yi da za a bar masa wannan gadon?"

Dogo ya juyo gare ta. "Wannan tambayar, Yaya, ko mu a wurin aiki muna faɗa a kanta. Ana rufe shi a cikin ƙarfe da kankare, ana gadinsa. Amma in ce miki an gama warware maganar har abada, na yi miki ƙarya."

"Kana jin tsoronsa?" in ji Abba.

"Kullum, Abba. Tsoron ne ma aikina. Ranar da na daina ji, ranar ya kamata a kore ni."

Na ga Abba ya jinjina kai a hankali. Jama'a, na san wannan jinjinawar. Har na fara tunanin kalar labulen ɗakina.

Sai Dogo ya ciro na'urar daga aljihu, 'yar rawaya, ba ta fi waya girma ba. Ya kunna, ta fara wani ɗan ƙas... ƙas... jefi-jefi. Ya ce wannan ba komai ba ne, ko'ina a duniya akwai ɗan kaɗan, a ƙasa, a bango, har a jikin mutum. In ta haɗu da mai yawa, kuka za ta yi ba tsayawa.

"Ba ni nan," in ji Goggo. "Kai da kayanka, ai sai ka danna mata inda za ta yi shiru."

Ta naɗe hannunta da gefen zane ta karɓa. Ta auna kansa. Ta auna ƙirjinsa, tafin hannunsa, agogonsa, har takalmansa da ke waje ta fita ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙas... ƙas... Ta auna kofin takardar. Ta auna ni, wai ko ya riga ya shafa min. Ba abin da ya canza. Fuskar Goggo ta yi kicin-kicin, Yaya na dariya har tana riƙe ciki, Abba ma na ga gefen bakinsa na motsi.

"Ina uwar yarinyar ne?" in ji Abba. "Ta zo ta gani da idonta mana. Auta, kira ta."

Umma ta zo, amma ba ta shigo ba. Ta tsaya can a bakin ƙofar da ke shiga ciki, nesa da Yaya, ta amsa gaisuwar Dogo a gajarce. Sai na lura da abin da ta yafa: mayafin nan ruwan toka da ya kawo mata, ta naɗe shi har wuya. Wani sanyi ya ratsa ni. Na ce ashe Umma tana tare da ni.

Idon Goggo ma ya sauka a kan mayafin.

"Yauwa! Ga kayan da ya shigo da su gidan nan."

"Goggo, bari," in ji Umma, tana ja da baya. "Don Allah bari."

Ina! Goggo ta riga ta taka. Tun kafin ta isa, ƙas-ƙas ɗin ya fara sauri. Tana kai na'urar wuyan Umma, abin ya tsage da wani irin kuka mai tsini, ba tsayawa, jan haske na walƙiya a fuskar na'urar.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Goggo ta saki na'urar a kan kafet ta kurma ihu. Abba ya miƙe tsaye har hularsa na faɗuwa. Yaya ta dafe ciki da hannu biyu, bakinta a buɗe.

"Ya kashe ta!" in ji Goggo. "Wayyo! Ya kawo mana guba a cikin tsumma! Cire shi, cire shi!"

Umma ta warware mayafin ta yar a ƙasa. Ba ta kalli kowa ba sai Dogo. Shi kuma ya ɗauki na'urar, ya dubi lambobin da ke jikinta, ya ɗago ya dubi Umma. Ya dubi wuyanta, ya dubi hannuwanta, ya juya ya dubi cikin Yaya.

Ni malamar makaranta ce, ko a firgice kaina na aiki. Na ce, "Ga mayafin nan a ƙasa! Auna shi shi kaɗai mana! Dogo, auna shi su gani!"

Taku biyu ne tsakaninsa da mayafin. Wallahi taku biyu. Sai na ga Umma ta girgiza masa kai, kaɗan, wanda in ba kana kallonta ba ba za ka gani ba.

Dogo ya kashe na'urar ya mayar aljihu.

"Ku yi haƙuri," ya ce.

"Ku yi haƙuri?" Muryata ta fita kamar ba tawa ba. "Abin da za ka ce ke nan?"

"Yaro," in ji Abba, muryarsa ƙasa-ƙasa, wadda ta fi tsawa ban tsoro. "Kana da bayani?"

"Ba ni da wanda zan iya yi a nan, Abba. Amma ina roƙon a ga likita."

"Tashi ka fita. In na dawo daga sallar azahar zan kira kawunka in ce kada su wahalar da kansu."

Ya durƙusa ya yi sallama kamar yadda ya shigo. Ya sunkuya ya fita ƙofa, bai ko waiwaye ni ba. Goggo ta sa sandar mofa ta ɗauki mayafin ta yi bayan gida da shi tana neman ashana, tana faɗin ai dama ta faɗa, ta faɗa, ba wanda ya saurare ta. Umma ta juya ɗakin baya ta turo ƙofa.

Na shiga ɗakina na faɗa kan gado da rigar da komai. Kwallin nan duk ya bi filo. Abin da ke cina ba korar ba ce. Mutumin da bai ɓoye wa Abba komai ba, wanda ya amsa wa Goggo cewa garin nan gaskiya ne, shi ne yau ya kashe na'ura ya sa a aljihu? Ashe duk tsoron da Goggo ke ji gaskiya ne? Ashe ni ce na jawo wa uwata ciwo da hannuna, don na ga dogon mutum mai tabarau? Na tsani kaina, na tsane shi, na tsani ranar da na kai yara tashar nan.

Waya ta yi ƙara. Na ɗauka da niyyar in goge lambarsa.

"Ki zage ni daga baya. Yanzu abu biyu. Kada Yaya ta zauna kusa da Umma. Sannan ki je ke kaɗai ki tambayi Umma ko ta je asibiti kwanan nan."

Na karanta na sake karantawa. Kofi daban. Cokali daban. Tsaya nan, kar ki matso. Na diro daga gado.

Ban ƙwanƙwasa ba na tura ƙofar ɗakin baya. Umma na zaune a bakin katifa tsakanin keken ɗinki da akwatuna, ba mayafi, sai na ga yadda ƙashin wuyanta ya fito. Yaushe rabon da in kalli uwata da kyau?

"Tsaya daga nan," ta ce.

"Umma, me aka yi miki a asibiti?"

Ta rufe ido. "Shi ya gaya miki?"

"Bai gaya min komai ba. Korarsa aka yi bai buɗe baki ba."

Sai hawaye suka zubo mata. Ta ce wani ƙulli ne a maƙogwaronta ya ɗauki aiki fiye da ƙima, shi ke ƙona ta, shi ke sa ramar da bugun zuciyar. An gwada ƙwayoyi ba su yi ba. Ranar Talata likita ya ba ta wani kafso guda ɗaya mai irin tururin nan a ciki, wai zai je ya zauna a ƙullin ya kashe shi, sauran kuma ya fita daga jiki a hankali. Aka ce ta ware kayanta na ɗan lokaci, ta nisanci ƙananan yara, musamman mai ciki. Ta zaɓi lokacin da ta san Yaya na gidan mijinta. Washegari sai ga Yaya da akwati.

"Abba ya sani?"

"Ya san ina zuwa asibiti don bugun zuciya. Sauran ban faɗa ba."

"To don me, Umma? Ciwo abin kunya ne?"

"Ke yarinya ce." Ta share fuska da bayan hannu. "Duk cikin da yayarki ta rasa, me Goggonku ta ce? Jinin uwarta ne. A gabana take faɗa. To ta ji na haɗiyi abin da take turo bidiyonsa kullum, ga yarinya da tsohon ciki a gidan? In wani abu ya faru, ko shekara nawa zan yi a duniya ni ce na kashe jikana. Ita kuma yayarki in ta ji, jininta ya hau. Na ce in daure kwana kaɗan ya wuce ba wanda ya sani."

"Shi ne kika bari aka ɗora masa?"

"Na yafa mayafinsa ne don Abbanku ya gane inda na karkata." Muryarta ta karye. "Amma Auta, ba zan ɓoye miki ba, ni ma ina tsoro. Ƙwaya ɗaya ta raba ni da rungumar 'yata. Shi da yake wuni a cikinsa fa?"

"Ƙwaya ɗayar ce kuma ake sa ran za ta warkar da ke," na ce. Ban san daga ina maganar ta fito ba. "Umma, Abba na dawowa zai kira kawunsa."

"Ki rufa min asiri har ta haihu. Daga nan ni da kaina zan je in ba shi haƙuri."

"Kin san Abba. In ya kira, ya kira."

Ta juya fuska ga bango. Na tsaya a bakin ƙofar, tsakanina da uwata 'yar tazarar da ba ni da ikon tsallakewa, ina so in rungume ta, ina so in yi mata ihu. Ku gaya min, jama'a, wanne za ku zaɓa? Asirin uwarku, ko mutumin da ya yarda aka kore shi kamar ɓarawo don ya rufa mata shi?

Na ji ƙarar ƙofar baya, wadda Abba ke bi zuwa masallaci. Abba ya dawo.

Na fito falo. Warin ƙonannen yadi ya cika gidan. Goggo na zaune tana shafa man zafi a goshi, Yaya ta jingina idonta a kumbure. Abba ya zauna, ya sa tabaraunsa na karatu, ya fara neman lamba a waya.

"Auta, ki yi haƙuri," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Wata rana za ki gode min."

Na buɗe baki. Na rantse muku ban san abin da zai fito ba.

"Alhaji, ajiye wayar."

Umma ce, a bakin ƙofar nan dai, kanta ko ɗankwali babu.

"Yaron nan bai kawo mana komai ba. Mayafin da aka ƙona ba ruwansa. Abin a jikina yake, ni na haɗiye shi da hannuna, likita ya ba ni."

Ta faɗi komai, tana tsaye, tana riƙe da ƙofa. Wayar Abba ta zame ta faɗi a cinyarsa. Goggo, wadda tunda aka haife ni ban taɓa ganin bakinta a rufe ba, ta yi tsit, yatsanta da man zafi a tsaye a iska.

"Shi ya sa kika ce kar in matso?" Muryar Yaya ce, 'yar siririya.

"Shi ya sa, 'yata. Ki yafe min. Ban bari kin zo kusa ba ko sau ɗaya, Allah Ya sani."

Yaya ta fara girgiza kai. Fuskarta ta yi fari fat.

"Umma... jiya da rana, da kika sha maganin ciwon kai barci ya ɗauke ki. Na ga ƙofar a buɗe." Ta dafe cikinta. "Kewarki ce ta dame ni. Na shiga na kwanta a bayanki, na sa kaina a wuyanki kamar da. Har barci ya ɗauke ni. Na fita kafin ki farka don kada ki yi faɗa."

Umma ta sulale ta zauna a ƙasa. Wani sauti ya fito daga bakinta wanda ba na fatan in sake ji har in mutu. Ta miƙa hannu wajen Yaya, ta tuna, ta janye shi ta danne a ƙirjinta.

Abba na ta kiran lambar likita, ba a ɗauka, ranar hutu ce. Yaya na tambaya, "Zai taɓa shi? Ku gaya min, zai taɓa shi?" Ba mai amsa a cikinmu. Duk bidiyon da aka tura a guruf ɗin dangi, babu ɗaya da ya faɗi abin da ake yi yanzu.

Sai na ji an damƙi hannuna. Goggo ce. Hannunta sanyi ƙalau.

"Kira shi," ta ce.

"Wa, Goggo?"

"Ke dai kira shi! Yaron nan. Dogon."

Na kalli Abba. Ya cire tabarau ya gyaɗa min kai.

Na danna lambarsa. Na ce a raina ba zai ɗauka ba, wa zai ɗauka bayan kujerar roba da kofin takarda da "tashi ka fita"? Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba.

"Ta faɗa?" ya ce.

"Ta faɗa. Dogo, Yaya ta kwanta a jikinta jiya. Ta daɗe."

Na ji ya ja numfashi. "To. Ki ce wa Yaya ta nutsu, sau da yawa abin bai kai yadda ake tsoro ba. Amma ba ni zan yanke ba, asibitin da suka ba da maganin za mu je yanzu, akwai mai jiran kira ko ranar hutu. Yaya ta zauna a gaba a motata, Umma ta bi motar Abba. Ku fito."

"Mu fito ina? Kana ina?"

"Ƙofar gidanku. Abba cewa ya yi in fita, bai ce in tafi ba."

Na ɗaga labule. Motarsa na nan a gindin katanga inda ya ajiye ta tun safe, shi kuma yana tsaye a rana, farar rigar nan ta jiƙe sharkaf da gumi, ya riga ya buɗe ƙofar gaba.